Akushin Maigida

Ranar wata Juma'a da la'asar sakaliya, lokacin da Kara, kasuwar shanu, ta fara watsewa, gadar Wudil ta cushe da tireloli maƙare da shanu, kukan dabbobi da ihun 'yan kamasho sun gauraye har mutum ba ya jin na kusa da shi, sai wani ɗan ƙanena ya zo gaishe ni. Yaron nan ya yi karatun kwamfuta ne a jami'ar kimiyya da fasaha ta garin nan, wadda ta fara aiki a 2001, aka kuma raɗa mata sunan Aliko Dangote a 2022, kuma tun da ya karɓi takardar shaidarsa ba shi da zance sai na manyan kamfanonin fasaha na ƙasar Amurka. Bayan mun gaisa ya matso kusa da ni a kan tabarma, ya zaro wayarsa, ya ce, "Baffa, dubi inda ake aiki. Ofishin Google ke nan. Abinci safe da rana da dare, ga wanzami, ga likita, ga ɗakin motsa jiki, ga wurin da mutum zai kishingiɗa in barci ya kama shi, ga mota ta ɗauko ka daga unguwarku ta mayar da kai, kuma duk kyauta."

Na duba hotunan nan da kyau, kuma ba zan ɓoye ba, sun ƙayatar da ni, don kuwa ban taɓa ganin ɗakin cin abinci mai tsabta da haske irin wannan ba. Amma kalmar nan ta ƙarshe da ya faɗa ita ta tsaya mini a rai, domin mutumin da ya tashi a garin kasuwa, ya ga yadda ake sauke baƙi a ciyar da su, a shimfiɗa musu, a kai musu ruwan wanka ba a karɓi ko anini ba, ya kuma ga abin da mai masaukin yake samu daga baya, ba ya saurin kiran tuwon wurin aiki kyauta. Al'adar ciyar da ma'aikaci tsohuwa ce a ƙasar Hausa, ta girmi kwamfuta, ta girmi jirgin ƙasa, ta girmi zuwan Nasara, kuma ina ganin duk saurayin da ke mafarkin cin abincin kamfani ya kamata ya fara sanin tarihin akushin kakanninsa.

Malaman fiƙihu su suka riga kowa tsayawa a kan wannan mas'ala, a babin ijara. Sharaɗi ne a shari'a ladan aiki ya kasance sananne tun kafin a fara, don kada husuma ta tashi bayan an gama, sai aka yi tambaya: shin ya halatta a ɗauki mutum aiki a kan abincinsa da tufafinsa, alhali cikin wani ya fi na wani, kuma ba wanda ya san loma nawa za ta ƙosar da bawan Allah? Ibn Rushdi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya kawo saɓanin a Bidayatul Mujtahid. Imamu Shafi'i ya hana, saboda ladan bai da haddi. Imamu Abu Hanifa ya yarda da shi a kan mai shayarwa kaɗai. Imamu Malik kuwa ya halatta shi gaba ɗaya, ya bar al'adar mutanen gari ta zama ma'auni, da yake kowane gari ya san gwargwadon abin da ake ba ma'aikaci. Mu kuma Malikawa ne, da Risala da Muhtasar aka yi mana alƙalanci ɗaruruwan shekaru, saboda haka yarjejeniyar aiki a kan ci da sutura ta zauna daram a ƙasar nan. Abin lura shi ne, duk da saɓaninsu, limaman nan uku sun haɗu a wuri guda: dukkansu lada suka ɗauki abincin nan, gardamarsu a kan aunawa ce kawai. Ga kuma hadisin Abu Zarri da kowane almajiri ya sani, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a ciyar da wanda ke ƙarƙashin mutum daga irin abin da mutum ke ci, a tufatar da shi daga irin abin da yake sawa, kada kuma a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa.

A ƙauyukan da ke kewaye da Wudil, tun daga Utai, mazaunin Jobawan da sarautar Makaman Kano ta zauna a gidansu, har zuwa Darki da Garko, wurin da aka fi ganin wannan hukunci a aikace shi ne gandu. 'Ya'ya da ƙanne suna yi wa maigida noma daga hantsi zuwa azahar, shi kuma ya ɗauki cinsu, da fartanyarsu, da irin shuka, da harajinsu, da sadakin auren fari, da ragon suna, sa'an nan ya yanka wa kowa gayauna inda zai noma abin kansa da yamma da ranar hutu. Ɗan ƙwadago ma, wanda ba jini ya haɗa shi da mai gona ba, kafin ya sunkuya sai an daddale: da ci ne ko ba ci? In da ci ne kuɗin ya ragu, a kai masa fura ko ɗumame gona. In ba ci ne kuɗin ya ƙaru, ya nemi abin da zai sa a bakinsa. Manomin da bai taɓa riƙe alƙalami ba ya san farashin ƙwaryar furar nan har zuwa ɗari da sisi. Ranar gayya kuwa har makaɗa ake kira, gangar noma tana tashi, 'yan mata suna guɗa, samari suna tsere a kan kunya, kuma ba wanda ya jahilci cewa kiɗan nan don gonar ta ƙare da wuri ake yin sa. Idan aka ce mini akwai teburin wasa a ofishin masu kwamfuta, gangar nan nake tunawa.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi ɗaya gefen. Akushin da ya ciyar da ɗa shi ya ciyar da bawa a rinji, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka noma hatsin ƙasar Kano a ƙarni na 19 ba su da ikon cewa sun ƙoshi za su tafi. Bawan da ya samu sassauci shi ne wanda aka bari ya yi sana'arsa yana biyan murgu. Turawa sun ci Kano a 1903, amma ba a soke bauta ɗungurungum a Arewa ba sai 1936, kuma ko bayan nan gidaje da yawa sun ci gaba da riƙe mutane da tuwo kawai. Saboda haka wanda ya ce zamanin da duk rahama ne bai yi wa tarihi gaskiya ba.

Fatake sun ɗauki al'adar nan sun bi hanya da ita. Ayarin da ke zuwa Gwanja sayen goro, na Agalawa ne ko na Tokarawa ko na Kambarin Barebari, yakan yi watanni a tafe a ƙarƙashin madugu da jagaba da uban dawaki, kuma yaron falke daga guzurin ubangidansa yake ci, a bukkarsa yake kwana in an yi zango, a kuma bar shi ya ɗora ɗan ƙunshin hajarsa a kan jakin maigida, ya sayar ya riƙe ribar. Wannan ɗan ƙunshin shi ne gayaunar falke.

Amma inda al'adar ta kai maƙura, ta zama ilmi mai zaman kansa, shi ne gidan fatoma, kuma a nan nake so in daɗe, domin shi ne abin da garin nan ya fi sani. Kasuwar shanu ta Wudil tana cikin mafiya girma a Arewa, ana koro mata dabbobi daga Barno da Yobe da Jigawa, har daga Nijar da Chadi, masu saye kuma suna zuwa daga Kurmi. To, ga mutum ya taho da shanu talatin, dukiyar da wataƙila ba tasa ba ce shi kaɗai, ya iso garin da bai san kowa ba, bai san wane mahauci ne mai biya ba, wane ne mai cin amana, bai san farashin yau ba, ga dare ya yi. Wa zai karɓe shi? Fatoma. Shi zai ba shi ɗaki da tabarma da buta, ya sa a kawo masa tuwo daga cikin gida, ya nema wa dabbobinsa makwanci da ruwa da mai tsaro, ya ajiye masa kuɗinsa, in bai jin harshen mai saye ya yi masa tafinta, in rashin lafiya ta kama shi ya yi jinyarsa, in ma ajali ya riske shi a baƙunta ya yi masa sutura ya aika wa danginsa da dukiyarsa. A kan duk wannan ba a cewa baƙo ya biya kuɗin ɗaki, kuma da fatoma zai nemi kuɗin tuwo da ya zama abin zunɗe a Kara har jikokinsa.

To, ina ribarsa? Tana cikin la'ada. Baƙon da ya kwana a zaurenka, ya ci tuwon matarka, ba zai wayi gari ya miƙa wa dillalin wani gida igiyar sansa ba, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Dillalan gidan fatoma su za su sayar, la'adar kowane kai ta shigo gidan, a raba. Kuma abin da fatoma ke saye da tuwon nan ya wuce cinikin Juma'a guda: dawowar baƙon yake saye, bana da baɗi da baɗin baɗaɗa, da ɗansa bayan shi, da abokansa da zai ba labari in ya koma gida cewa a gidan wane miya tana da nama. Don haka fatomomi suka yi ta gasa da juna a kan kyautata masauki, kamar yadda kamfanonin nan ke gasa a kan ɗakin cin abinci, kuma dalilin ɗaya ne: mai kawo arziki kaɗan ne, masu son sa da yawa.

Wani Bature masanin zaman jama'a, Abner Cohen, ya zauna a Sabo da ke Ibadan a 1962 da 1963, unguwar Hausawa da aka kafa a 1916, wato can ƙarshen hanyar da shanunmu ke bi, ya rubuta yadda masu gidajen can ke tafiyar da wannan sha'ani, Polly Hill kuma ta yi irin wannan bincike a kasuwar shanu ta Kumasi. Abin da suka gani ya ƙara haska abin da muke gani a gida. A can bashi ake sayar da shanu ga mahautan da baƙon bai sani ba, maigida ne ke tsayawa lamuni, in mahauci ya gudu shi zai biya. Kuma ƙarfin maigida bai dogara da kuɗinsa kaɗai ba, ya dogara da yawan gidajensa na saukar baƙi, da yawan yaransa, da matan da ke cikin kulle suna tuƙa tuwon mutum ashirin ko talatin kullum. Matan nan ba a jin sunansu a kirarin maroƙa, alhali da muciyarsu aka gina sunan gidan.

Yaran gidan fa? Su ne ma'aikata na haƙiƙa: masu kora, masu tsaron dare, masu kai saƙo, ƙananan dillalai, da malamin da ke rubuta lissafi. Galibinsu ba su da albashin wata. Suna ci a akushin maigida, ya ɗinka musu rigar salla, ya ba su na goro da na aski, in sun yi laifi a gari ya je gaban alƙali ya karɓo su. Yaron da ya yi haƙuri ya riƙe amana, wata rana maigida zai kira shi ya ce ya nemi mata, ya biya sadaki, ya ba shi ɗaki, bayan wasu shekaru kuma ya ba shi jari ya sallame shi ya tsaya da ƙafarsa, har ya zama shi ma ana sauka a gidansa. Wannan sallamar ita ce cikon lada, ita ce abin da yaro ke hange duk shekarun da yake cin tuwo ba albashi. Amma da yake ba a rubuce take ba, ba ta da wa'adi, ba ta da shaidu, sai ta rataya a kan tsoron Allah na maigida da jin kunyar idon jama'a. Na san dattawan da suka tsufa a zauren wani suna jiran jarin da bai zo ba, maigida ya mutu, magada suka ce ba su san zancen ba. A irin wannan wuri mutum yakan tuna da hujjar Imamu Shafi'i, ya ce lalle malamin nan ya hango wani abu.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, sai wani sabon irin ubangida ya shigo, wanda ba ya zaure, ba ya akushi, sai kanti da sikeli da littafin albashi. Attajirai irin su Alhassan Dantata, wanda ya rasu a 1955, sun tsaya a tsakiya: suna hulɗa da kamfanin Turawa da takarda, suna riƙe da ɗaruruwan yaransu da tsohuwar al'ada ta ci da sutura da aure da jari. Wani abin mamaki kuma shi ne, Turawan nan da suka zo mana da albashi tsura, a ƙasarsu sun san akushi. William Lever, mai sabulun da kamfaninsa ya sayi Kamfanin Neja a 1920, wanda daga cikinsa UAC ta fito a 1929, tun 1888 ya fara gina wa ma'aikatansa gari sukutum kusa da Libaful, ya sa masa suna Port Sunlight, da gidaje da makaranta da asibiti da wurin wanka, da sharaɗin cewa wanda ya bar aiki ya bar gida. Manjan Afirka ta Yamma yana cikin abin da aka yi sabulun da shi. A Amurka ma George Pullman, mai ƙera taragun jirgi, ya gina irin wannan gari kusa da Shikago, amma da kasuwa ta faɗi sai ya rage albashi ya bar kuɗin haya yadda yake, abin da ya jawo babban yajin aikin 1894. Ashe su ma sun ɗanɗana zaƙin abin da ɗacinsa tun kafin mu san su.

A nan gida kuwa alfarmar aiki ta Turawa ce tukuna: gida a Nasarawa, da kuku da boyi da mai lambu, da alawus na mota, da na rangadi, da kuɗin jirgin ruwa zuwa Ingila hutu. Ma'aikacin En'e yana da albashinsa da rigar sarki in ya yi sa'a. Ma'aikatan gwamnati 'yan ƙasa sai da suka yi yajin aiki na kwana 44 a 1945, su Michael Imoudu na jirgin ƙasa suna gaba, kafin a saurare su a kan kuɗin tsadar rayuwa. Da aka samu mulkin kai a 1960, manyan ma'aikatanmu suka gaji gidajen da alawus ɗin duka, har ya zama ana auna darajar aiki da kwatas da mota fiye da abin da ake yi a ofis. Ƙarin albashin Udoji ya zo a 1974, kuɗin suka shiga hannu a farkon 1975, aka sayi babura da rediyo aka ƙara aure. Sa'an nan a 2003 gwamnatin Obasanjo ta ce ta gaji da riƙon gidaje da motoci da direbobi, ta mayar da su kuɗi a cikin albashi, ta sayar da gidajen. Wato gwamnati ta koma ba ci.

Akwai wani abu guda daga masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa da ba na so ya wuce. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta wa mai masana'anta ruwan sha da wurin wanke jiki da akwatin magani, wasu kamfanonin kuma sun buɗe kantin na abinci mai rahusa. Amma Paul Lubeck, wanda ya zauna da leburorin Kano a farkon shekarun 1970, ya kuma shaida rigimar ƙarin albashin Adebo ta 1971, ya nuna cewa cikin manyan abubuwan da suka yi ta fafatawa a kai da manajoji akwai izinin tsayawa a yi salla a kan lokaci. Yawancinsu almajirai ne da 'yan cirani daga ƙauyuka irin namu, waɗanda a gona ko a kasuwa ba wanda ya taɓa hana su ajiye fartanya in an kira azahar, sai ga injin da ba ya tsayawa, ga agogon da ke ƙirga minti. Buta da ɗan fili mai tsabta da minti goma sha biyar, su ne jin daɗin ma'aikata na farko da talakan Kano ya nema da bakinsa, kuma har yau in ka shiga ofis a Arewa, kafin ka tambayi ina ake cin abinci za ka tambayi ina masallaci.

Yanzu sai mu koma ga hotunan yaron nan. Yankin da ake kira Kwarin Silikon, kudu da San Faransisko, ya fara wannan ɗabi'a da ƙanƙanin abu: kamfanin Hewlett-Packard, wanda abokai biyu suka kafa a garejin mota a Palo Alto a 1939, ya saba raba wa ma'aikata gahawa da ɗan abin taɓawa, ya kuma ba su kaso daga ribar shekara. Google, wanda aka kafa a 1998, shi ya kai abin inda ya kai. A 1999, lokacin ma'aikatansa ba su wuce hamsin da 'yan kai ba, ya ɗauki kuku na musamman, Charlie Ayers, kuma daga tukunyar mutumin nan aka wayi gari hedikwatarsu ta Mountain View tana da ɗakunan cin abinci barkatai, har mujallar Fortune ta sa kamfanin a kan gaba cikin wuraren da suka fi daɗin aiki a Amurka a 2007. Facebook da sauransu suka bi sahu, kowa yana ƙari: wanki, aski, tausa, motocin safa masu intanet a ciki, don mutum ya fara aiki tun yana kan hanya.

Dalilin bai ɓuya ba, su da kansu ba su ɓoye shi ba. Ƙwararren mai rubuta manhaja a waɗancan shekarun kamar falke mai shanu ɗari yake, kowane gida yana son ya sauka a wurinsa. In ya ci a ofis bai fita ba, in bai fita ba ya zauna da abokan aikinsa suna zancen aiki a kan abinci, in an ba shi na dare ya kai dare. Har dokar harajin Amurka ta 1954, a sashe na 119, ta yafe wa ma'aikaci haraji a kan abincin da aka ba shi a wurin aiki bisa sharaɗin an ba shi ne don amfanin mai aikin. Da na karanta wannan sai da na yi murmushi, don ban taɓa ganin inda aka rubuta sirrin fatoma a fili haka ba. Masu sayar da abinci na gari kuwa suka koka, kamar yadda masu tuwo-tuwo za su koka in duk baƙin Kara suka ƙoshi a zaure, har hukumar garin Mountain View ta gindaya sharaɗi a kan wani sabon gini da Facebook ya shiga a 2018, cewa ba za a riƙa ciyar da ma'aikata kyauta ɗungurungum a cikinsa ba.

Ban ce ba su da sallama irin tasu ba. Suna da ita, kuma a rubuce: hannun jari da ake ba ma'aikaci, ya riƙa mallakarsa kashi-kashi cikin shekaru, galibi huɗu, in ya tafi kafin lokaci ya bar saura. Kukun nan Ayers da kansa ya samu rabonsa, da Google ya shiga kasuwar hannun jari a 2004 ya zama mai dukiya, ya bar aiki ya buɗe gidan abincinsa a Palo Alto, kamar dai yaron da ubangidansa ya cika masa alkawari. A wannan fuska sun fi mu, domin alkawarinsu yana da wa'adi da shaida, magada ba su isa su musa ba. Amma waɗanda suka gaje shi a madafa, da masu shara, da direbobin safa, mafi yawansu ma'aikatan 'yan kwangila ne, ba su da wannan rabo, har masu dafa abincin Google suka shiga ƙungiyar ƙwadago a 2019 don neman ƙari. Masu riƙe da muciya a ko'ina su ake mantawa.

Da kasuwa ta juya kuma, sai aka ga abin da ba a rubuta ba. A watan Maris na 2022 kamfanin Meta, uwar Facebook, ya soke wanki, ya kuma ɗaga lokacin abincin dare daga ƙarfe 6 zuwa 6 da rabi, alhali motar ƙarshe ta ma'aikata ƙarfe 6 take tashi, wato mutum ya zaɓa, ko tuwo ko mota. A Nuwamba na shekarar ya sallami mutum 11,000, Google ya sallami 12,000 a Janairun 2023, ya kuma rage lokutan buɗe wasu ɗakunan abincin, Elon Musk da ya sayi Twitter a Oktoban 2022 ya taɓa abincin kyauta tun da wuri. Da yawa daga cikin waɗanda abin ya shafa ta saƙon imel suka ji, wasu ma sai da katin shiga ya ƙi buɗe ƙofa suka gane. Kalmar sallama ɗaya ce a bakinmu, amma wannan da ta zauren fatoma ba su yi kama ba, ko da yake, a faɗi gaskiya, an biya su kuɗin watanni, abin da dattawan nan da suka tsufa a zaure ba su samu ba.

Duk wannan na zayyana wa ɗan ƙanena, yana saurare da ladabi irin na yaron da ya riga ya yanke shawararsa. A yanzu yana aiki ne a wani shagon kwamfuta kusa da jami'a, inda ake buga takardu da cike fom na jarrabawa. Maigidansa yana ba shi ɗan albashi, ya saya masa shinkafa da wake da rana, ya bar shi ya yi cajin waya in an tayar da janareta, ya yanka masa shadda da salla, ya kuma bar shi ya karɓi ƙananan ayyukansa na gyara a kan teburin shagon bayan an tashi, ba tare da su biyun sun san cewa wannan gayauna ce ba. Ya ce mini wani kamfani a Legas ya yi masa tayin aiki daga gida, za su aiko masa da kwamfutar tafi-da-gidanka, su riƙa ba shi kuɗin data kowane wata, albashin kuma ya ninka na shagon sau da yawa. Na tambaye shi ko za su ba shi na fetur ko na sola, da yake wutar garin nan sai a hankali, ya ce ba a yi wannan zancen ba. Na ce to ya yi, kuma a sa a takarda.

Ana cikin haka aka kira magariba. Da muka dawo daga masallaci an riga an fito da tuwon dawa da miyar kuka, yaro ya kawo ruwa, ya janye faifan. Ɗan ƙanena ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya ɗebo loma, sai ya dakata da ita a hannu, ya dube ni yana dariya.

"Baffa, wannan fa, nawa ne la'adarsa?"

Na ce masa ya ci tukuna, akwai wasiƙu uku da nake so a buga mini kafin Juma'a mai zuwa.